Nutso Cikin Teku: Tsakanin Haƙoran Shak da Tukunyar Iska

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya san cewa nutso ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masunci kan cika ƙirjinsa da iska ya ɓace a ƙarƙashin ruwan Matan Fada, jama'a kuma na bakin gaɓa suna jiran su ga inda zai ɓullo. Sai dai komai ƙwarewarsa, numfashi ɗaya ne jarinsa, da zarar ya ƙare kuwa dole ya taso. A ƙarni na 19 Turawa sun ƙera kwalkwalin ƙarfe wanda ake turo wa iska ta dogon bututu daga cikin jirgi, amma mai sanye da shi a ɗaure yake, kamar akuya a turke. Sai a shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka haɗa wata na'ura mai ba mutum iska daidai bukatarsa daga tukunyar ƙarfe da ya goya a baya. Wannan hanya ta nutso da tukunyar iska ita ake kira sukuba, kuma da ita masana kimiyya da ma'aikatan haƙar mai da sojojin ruwa da masu yawon buɗe ido ke shiga teku a yau.

Bayan shekara ashirin, wato a 1963, Cousteau ya kafa wasu ɗakunan ƙarfe a ƙarƙashin Bahar Maliya, a wani wuri mai suna Sha'ab Rumi da ke gaɓar ƙasar Sudan. Wannan shi ne tekun da alhazanmu na dā suka riƙa ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda. Mutanensa sun zauna wata guda a zurfin mita 10, a ruwan da kifayen shak suka yi yawa, har sai da suka tanadi kejin ƙarfe da za su fake a ciki in ta ɓaci. Sun gama aikinsu, sun fito lafiya. Tambayar da ɗalibi zai yi a nan ita ce: sa'a ce kawai suka taka, ko kuwa haɗarin bai kai yadda ake zuzuta shi ba? Manufar wannan maƙala ita ce amsa wannan tambaya da hujjojin kimiyya.

Su Wane ne Mafarautan?

Idan aka ce mafarautan teku, abin da kan fara zuwa a rai shi ne shak, wani kifi wanda ƙashinsa duk guringuntsi ne, haƙoransa kuma sahu-sahu, in ɗaya ya fita wani ya maye gurbinsa. Masana sun ƙidaya fiye da iri 500 na wannan kifi. Mafi yawansu ba su kai tsawon mutum ba, wanda kuma ya fi kowa girma a cikinsu, mai kaiwa mita 12 ko fiye, tace ruwa yake yi yana cin ƙananan halittu. Iri uku ne suka fi yawan jikkata mutane da kashe su: babban farin shak, wanda ya fi son ruwa mai ɗan sanyi irin na Ostareliya da Afirka ta Kudu da Kalifoniya; da shak mai zane a gefe, mazaunin ruwan ɗumi, wanda ba ya zaɓen abinci; da kuma bajimin shak, mai shiga ruwa marar zurfi, har ma yakan haura manyan koguna irin su Zambezi. Akwai na huɗu, mai farin bakin fiffike, wanda ke yawo a tsakiyar teku inda abinci ke da wuyar samu, don haka yakan matso ya binciki duk abin da ya gani.

Ba shak kaɗai ke nan ba. A arewacin Ostareliya da tsibiran da ke kusa da ita akwai kadan ruwan gishiri, wanda ya fi kadan kogunanmu girma, kuma shi yakan ɗauki mutum a matsayin abinci kai tsaye. A yankin Antatika mai ƙanƙara akwai wata dabba mai shayarwa da ake kira sil, iri mai rodi-rodi a jiki. A watan Yuli na 2003 ɗaya daga cikinsu ta ja wata masaniyar halittun ruwa 'yar Ingila zuwa ƙasan teku kusa da tashar bincike ta Rothera, ta halaka ta. Wannan ne karo na farko da aka rubuta cewa wannan dabba ta kashe mutum. Akwai kuma barakuda, dogon kifi mai kaifin haƙori da kan kai sara ga abu mai ƙyalli, da wani kifi mai siffar maciji da ke zama cikin ramukan duwatsu, wanda kan ciji hannun da aka zura masa.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Tsoron shak ya ƙaru ƙwarai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Yuli na 1945 an nutsar da jirgin yaƙin Amurka mai suna Indianapolis a tekun Pasifik. Kimanin mutum 900 suka faɗa ruwa da ransu, amma 316 kaɗai aka ceto bayan kwana huɗu. Ƙishirwa da raunuka da shan ruwan gishiri ne suka kashe mafi yawansu, shak kuma ya kashe wasu. Irin wannan asara ce ta sa rundunar sojojin ruwan Amurka ta ɗauki nauyin bincike, har aka buɗe wani kundi na duniya a 1958 domin rubuta duk wani farmakin shak da aka samu labarinsa. A yau ana ajiye da wannan kundi a Jami'ar Filorida.

Masu kula da kundin sun raba farmaki gida biyu. Akwai wanda mutum ya jawo wa kansa, kamar ya taɓa kifin, ko ya ba shi abinci, ko ya soke shi. Akwai kuma wanda ya auku ba tare da tsokana ba. A shekarar 2023 an rubuta cizo 69 na rukuni na biyu a duk duniya, mutum 10 suka mutu. A 2024 adadin ya sauka zuwa 47, mutum 4 suka mutu. Idan muka duba abin da mutanen ke yi lokacin da aka cije su, sai mu ga wani abin lura. Alal misali, a 2019 an sami cizo 64: kashi 53 cikin 100 masu hawan igiyar ruwa ne a kan allo, kashi 25 masu iyo ne da masu tafiya cikin ruwa a bakin gaɓa, masu sukuba kuwa kashi 3 ne kacal, wato mutum biyu ke nan a shekara guda a duk faɗin duniya.

A nan akwai darasi ga ɗalibin lissafi. Ƙanƙantar wannan kaso ita kaɗai ba ta isa hujja ba, domin masu iyo a bakin teku sun ninka masu sukuba yawa sau da dama. Kafin a kwatanta haɗarin rukuni biyu, dole a san yawan mutanen kowane rukuni da tsawon lokacin da suke ɗauka a ruwa. Duk da haka, idan aka tuna cewa ana yin nutso miliyoyi kowace shekara, kuma da yawan masu nutson da gangan suke zuwa inda shak yake domin su gan shi, za a yarda cewa cizo abu ne da ba kasafai yake faruwa ba.

Yadda Shak Ke Gane Abinci

Domin fahimtar dalilin haka, sai mu san yadda wannan kifi ke farauta. Daga nesa, kunne ne ke fara yi masa jagora. Sauti na tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, wato fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska. A 1963 wasu masana biyu a Amurka, Donald Nelson da Samuel Gruber, sun nuna cewa sauti mai kauri da ke fita a yanke-yanke, irin na kifin da ya ji rauni yana fafutika, yana jawo shak. Daga nan sai hanci. Ƙarfin shinshinarsa gaskiya ne, amma labarin da ake bazawa cewa yana jin ɗigon jini nan take daga nisan mil da yawa ƙari ne, domin wari ba ya isa gare shi sai ruwa ya kwaso shi ya kai masa.

Idan ya matso kusa, sai ya yi amfani da wani layi da ke gefen jikinsa mai jin motsin ruwa. Malami na iya nuna wa ɗalibai irin wannan layi a jikin karfasar da aka sayo a kasuwa. Na ƙarshe kuma mafi ban mamaki shi ne wasu ƙananan ramuka cike da ruwa mai yauƙi da ke kewaye da hancinsa. Wani masani ɗan Italiya, Stefano Lorenzini, ya yi bayaninsu tun 1678, amma sai a ƙarni na 20 aka gano aikinsu, musamman ta gwaje-gwajen Adrianus Kalmijn, wanda ya nuna cewa da su shak ke jin ɗan lantarkin da jikin kowace halitta mai rai ke fitarwa, ko da ta ɓuya cikin yashi. Mun san minjirya da ke samar da lantarki a kogunanmu. To shi shak ba ya samarwa, ji kawai yake yi.

Ido fa? A 2021 wasu masana na Jami'ar Macquarie ta Ostareliya sun ɗauki hotunan sil da na masu iyo da na masu hawan allo daga ƙarƙashin ruwa, sannan suka sarrafa hotunan da kwamfuta yadda za su dace da ganin matashin farin shak. Sun gano cewa idan aka dubo daga ƙasa, hasken sama na bayan abin, inuwar mutum da ta sil ba su da wani bambanci a idonsa. Wato kallon kitse yake yi wa rogo. Shi ya sa sau da yawa farin shak kan yi cizo ɗaya ya saki ya tafi. Abin takaicin shi ne, cizo ɗaya daga kifi mai tsawon mita 4 ya isa ya tsinke babbar jijiyar cinya.

Wannan bayani ya nuna abin da ya bambanta mai sukuba da mai iyo. Shi yana cikin ruwa ne tsundum, shak na ganinsa gaba ɗayansa, ba inuwarsa kaɗai ba. Ba ya facal-facal da ruwa, sannan kumfar da yake fitarwa tana da ƙara wadda ba ta yi kama da ta kowace irin ganima ba. Masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku ma kukan da suke yi shi ne kumfar na korar musu kifayen da suke son ɗauka.

Lokutan da Haɗari Ke Ƙaruwa

Duk da haka, ana cizon masu nutso, kuma idan aka bi labaran za a ga dalilai kaɗan ne ke maimaituwa. Na farko shi ne abinci. A watan Disamba na 1963 wani matashi ɗan Ostareliya, Rodney Fox, yana cikin gasar kamun kifi da mashi a kudancin birnin Adelaide, sai farin shak ya kama shi a ƙirji. Sai da likitoci suka yi masa ɗinki 462. Mai su da mashi yana tara duk abin da ke kiran shak, wato jini da wari da fafutikar kifi. Haka kuma a 2008, a tsibiran Bahamas, wani ɗan yawon buɗe ido ya mutu bayan an cije shi a ƙafa, a wajen wani nutso da aka zuba gutsattsarin kifi da gangan domin a tara shak. A Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar kuwa, a ƙarshen shekarar 2010, an jikkata mutum huɗu aka kashe wata Bajamushiya cikin 'yan kwanaki. Daga cikin dalilan da masu bincike suka kawo akwai gawarwakin tumaki da wani jirgin dakon dabbobi ya zubar a teku gab da Babbar Salla, da kuma ɗabi'ar ba kifaye abinci da hannu.

Na biyu shi ne wuri. Masu nutso domin tsinto wani irin dodon koɗin teku mai tsada a Ostareliya suna aiki sa'o'i da yawa a ruwa mai duhu, kusa da inda sil ke taruwa, wato a tsakiyar wurin farautar farin shak. A watan Janairu na 2007 wani daga cikinsu ya tsinci kansa da kafaɗunsa cikin bakin farin shak a kudu maso gabashin Ostareliya. Rigar dalma da ya sa domin ta nutsar da shi ce ta kare ƙirjinsa, ya tsokane idon kifin, ya kuɓuta.

Na uku shi ne lokacin tasowa. Mai nutso da ke dab da saman ruwa, ko yana shawagi yana jiran jirgi, ya koma inuwa kamar kowane mai iyo. A ƙarshen Nuwamba na 2017 shak mai zane ya kashe wata Ba'amurkiya a tsibirin Kokos na ƙasar Kosta Rika daidai lokacin da take tasowa.

Na huɗu shi ne takurawa. A 1973 Richard Johnson da Donald Nelson sun bayyana yadda wani shak mai ruwan toka, mazaunin duwatsun murjani, ke gargaɗi idan aka matsa masa: yakan ɗaga hanci, ya tanƙwara baya, ya saukar da fikafikan gefe, ya riƙa iyo yana karkacewa. Wanda ya san wannan alama ya ja da baya yakan tsira, wanda kuma ya ci gaba da matsowa da kyamara yakan sha sara. Wannan cizon kare kai ne, ba na yunwa ba.

Inda Babban Haɗarin Yake

To, mene ne ke kashe masu sukuba? Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1980 domin lafiyar masu nutso, ta binciki mutuwar mutum 947 tsakanin 1992 da 2003. A inda aka gano mafarin matsalar, kashi 41 cikin 100 ƙarewar iska ce, kashi 20 maƙalewa ce cikin kogo ko tarkacen jirgi ko igiya, kashi 15 kuma matsalar kayan aiki ce. Ciwon zuciya ma ya ɗauki kaso mai yawa, musamman ga masu manyan shekaru. Farmakin dabba bai shiga sahun manyan dalilan ba.

Asalin matsalar ita ce dannowar ruwa. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 30 ninki huɗu. Dokar da Robert Boyle ya wallafa a 1662 ta nuna cewa idan matsi ya ragu, iska na kumbura daidai gwargwado. Ke nan, wanda ya shaƙi lita 6 a zurfin mita 30, ya riƙe numfashi ya taso a guje, iskar za ta nemi zama lita 24 a cikin ƙirjinsa. Huhu ba zai jure ba, zai yage, kumfar iska ta shiga jini ta toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Bugu da ƙari, a ƙarƙashin matsi iskar naitirojin na narkewa cikin jini da tsoka. Idan aka taso da gaggawa sai ta fito da kumfa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan aka buɗe ta farat ɗaya, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki.

Wani abu da ya faru a ruwan Nijeriya ya isa misali. A watan Mayu na 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a teku daura da gaɓar Jihar Delta, ya sauka zurfin kimanin mita 30. Kukun jirgin ya rayu kusan sa'a 60 a wani lungu da iska ta maƙale, har masu nutso da aka aika ɗauko gawarwaki suka same shi da rai. Ba su yi gangancin fito da shi sama nan take ba, domin jikinsa ya riga ya cika da naitirojin. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin rage matsi kafin ya shaƙi iskar waje.

A nan ne tsoron shak ke zama haɗari shi kansa. Mai nutson da ya hango babban kifi ya firgita zai riƙa haki, iskarsa ta ƙare da wuri, ko ya manta da ƙa'ida ya harba sama yana riƙe da numfashi. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Matakan Kariya

Ƙwararru sun yi ittifaƙi a kan wasu ƙa'idoji. Kada mutum ya yi nutso shi kaɗai. A guji ruwa mai duhu, da bakin kogi, da wurin da ake zubar da kayan cikin kifi, da lokutan asuba da magariba. Kada a ba dabbar teku abinci, kada a taɓa ta, kada kuma a tare mata hanya. A cire agogo da sarƙa masu ƙyalli. Idan shak ya matso, a natsu, a fuskance shi, a jingina da dutse ko a haɗa baya da abokin nutso, sannan a taso a hankali ana numfashi, ba tare da wuce mita 9 zuwa 18 a minti ɗaya ba. Idan ya kawo hari, a doke shi a hanci ko ido ko matsatsar numfashinsa da duk abin da ke hannu. Wanda aka ciza kuwa, zubar jini ce babbar barazana gare shi, don haka a danne raunin da ƙarfi, a ɗaure saman gaɓar, a gaggauta kai shi asibiti.

Masu aiki kusa da manyan shak suna da ƙarin kariya. Rodney Fox da kansa, bayan ya warke, yana cikin waɗanda suka fara ƙera kejin kallon farin shak. Ron da Valerie Taylor, mata da miji 'yan Ostareliya, sun gwada rigar zobban ƙarfe irin sulken da barade ke sawa a hawan salla, inda Valerie ta miƙa hannunta shak ya ciza ba tare da haƙoran sun huda ba.

Kammalawa

Littafin Jaws na 1974 da fim ɗinsa na 1975 sun dasa wa duniya hoton shak a matsayin dodo mai neman jinin mutane. Marubucin littafin, Peter Benchley, daga baya ya koma mai fafutikar kare wannan kifi, haka ma Fox mai ɗinki 462. Dalilinsu a fili yake. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa mutane na kashe shak kimanin miliyan 100 kowace shekara, wani kuma na 2021 ya nuna cewa yawan shak da danginsa na tsakiyar teku ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970. Da yake su ne ke saman jerin masu ci da waɗanda ake ci, raguwarsu na iya rikita tsarin rayuwar sauran kifayen da miliyoyin mutane ke dogaro da su.

Saboda haka, amsar tambayar da muka fara da ita ita ce, mutanen Cousteau ba sa'a kaɗai suka taka ba. Haɗarin farmaki gaskiya ne, amma ƙanƙane ne, kuma yana da sanannun dalilai da za a iya kauce wa mafi yawansu. Ɗalibin da ke burin zama masanin halittun ruwa ko injiniyan aikin mai a teku, ya kamata ya girmama shak ya ba shi hanya, amma idonsa ya fi zama a kan ma'aunin iskarsa da ma'aunin zurfinsa. Ga malamai kuwa, wannan batu dama ce ta koya wa ɗalibai su riƙa auna kowane haɗari da alƙaluma kafin su yanke masa hukunci, ko a teku ne ko a kan hanyar mota.